Da me aka koyar da nahawun Girkanci kafin zuwan injin ɗab'i?

Ɗalibin Harsuna:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. An ce littafin nahawun Girkanci mafi daɗewa shi ne wanda ake jingina wa Dionysius Thrax, malamin da ya yi karatu a Iskandariya wajen ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shin da shi ake karantar da yara, kuma akwai rubutun hannu na wancan zamani da ya tsira?

Malam Mai Nazari:
Wa alaikumus salam. Littafin ɗan ƙarami ne, ya kasa kalmomi gida 8, amma cikakkun kwafinsa da suka iso gare mu an rubuta su ne a zamanin daular Rumawan Gabas, ɗaruruwan shekaru bayan rasuwar marubucin. Wannan na cikin abin da ya sa wasu masana, musamman Vincenzo Di Benedetto tun 1958, suke shakkar cewa duka littafin nasa ne.

A ganina, ɗan'uwa, shaidar da ta fi ƙarfi tana hannun ɗaliban kansu. Busasshen yashin Masar ya adana abin da suka rubuta a takardar papirus, da sakainar tukwane, da allunan katako, wasu an shafe su da kakin zuma domin a goge a sake rubutu. An tono da yawa daga jujin tsohon garin Oxyrhynchus, wato al-Bahnasa ta yau, inda masu binciken kayan tarihi, Grenfell da Hunt, suka fara haƙa a 1896. Akwai wani allo a Landan, na wajen ƙarni na 3 miladiyya, wanda aka rubuta masa jimla guda a kan masanin falsafa Pythagoras yana hana almajiransa cin nama, sannan aka yi ta jujjuya ta, tilo da biyu da jam'i, sunan Pythagoras yana sauya ƙarshe a kowane layi. Duk wanda ya dube shi zai ga wahalar da yaron ya sha.

Malama Ta Annabi:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai bai kamata a manta da Theodosius na Iskandariya ba, wanda ƙa'idojinsa na sarrafa suna da aikatau suka daɗe ana kwafa ana haddacewa. Aikatau ɗin da ya yi misali da shi shi ne "duka", wato bugu, kamar yadda ɗalibin nahawun Larabci yake farawa da daraba.

Ɗalibin Harsuna:
Na gode ƙwarai. To, yaya karatun ya shiga Yammacin Turai?

Malam Mai Nazari:
Malamin Girkanci Manuel Chrysoloras ya zo Florence daga Kustantiniya a 1397, ya karantar da Italiyawa da littafinsa na tambaya da amsa, wanda ɗalibai suka riƙa kwafa da hannu shekaru masu yawa. Nahawun Constantine Lascaris kuwa an buga shi da injin ɗab'i a Milan a 1476.