Yatsuna sun ƙi sauri a kan jita, ku ba ni shawara

Nura, Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da na sayi jita ta gwanjo, mai akwati, wadda ba a jona ta da wuta. Na iya kama kod huɗu (wato jerin yatsu a kan tsirkiyoyi da ke ba da amo a tare), Am, C, G da Em, amma idan zan tashi daga wannan zuwa wancan sai na tsaya ina jera yatsu ɗaya bayan ɗaya, kafin in gama waƙar ta wuce ni. In na ce bari in yi sauri kuma, hannun dama ya riga na hagu, sai ka ji tsirkiya ta yi tuf, babu amo. Ƙaramin yatsa ma ko kusa ba ya bin umarni. Saboda karatu, Asabar da Lahadi kaɗai nake samun zama da ita, kamar awa biyu-biyu. Yaya kuka yi kuka tsallake wannan matakin?

Baba Yohanna, Kafanchan: Wa alaikumus salam, ɗana. Ciwon farko ka riga ka faɗe shi da bakinka: Asabar da Lahadi. Hannu ba ya riƙe karatun mako-mako. Minti 15 kullum ya fi awa huɗun nan da kake tarawa a ƙarshen mako, ko da bayan sallar isha ne kafin ka kwanta. Na daɗe ina kaɗa wa mawaƙan coci, kuma duk yaron da aka kawo mini da abu ɗaya muke farawa. Ka sa manuni a gida na 5 (gida shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na wuyan jita), na tsakiya a na 6, na zobe a na 7, ƙarami a na 8, duk a kan tsirkiya mai kauri ta sama. Kowane yatsa da gidansa. Ka kaɗa su ɗaya bayan ɗaya, ka sauko tsirkiya ta gaba, har ka ƙure shidan, sannan ka koma. Na ce gida na 5 ne don a can gidajen sun fi matsuwa, hannu ba ya miƙewa da yawa. In ya zauna sai ka riƙa matsowa zuwa gida na 1. Sharaɗi ɗaya: yatsan da ka ajiye kada ka ɗaga shi sai lokacin da za a buƙace shi a tsirkiya ta gaba. Ka sauke manhajar metronom a waya, wato agogon da ke ƙas-ƙas yana riƙe maka bugun kiɗa, ka sa ta a bugu 60 a minti, sauti ɗaya a kowane bugu. Zai yi maka kamar tafiyar hawainiya. Ka daure.

Nura, Zariya: Na gode Baba. Yaushe zan ƙara saurin?

Baba Yohanna, Kafanchan: In ka yi zagaye uku a jere ba tuntuɓe ko ɗaya, ka ƙara 4 ko 5. In ka yi tuntuɓe sau biyu, ka koma inda ka fito. Ka riƙa rubuta lambar a takarda kowace rana, don kunne yana manta jiya amma takarda ba ta mantawa.

Sadiya, Kano: Ƙanena, game da ƙaramin yatsa da na zobe, kada ka ɗauka hannunka ne ke da matsala. Ina karatun gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, kuma haka aka halicci kowa. Jijiyoyin da ke ɗaga yatsu a bayan hannu suna da wasu zaruruwa da suka haɗa na zobe da maƙwabtansa biyu, shi ya sa ba ya iya tashi shi kaɗai sosai. Gwada ka gani: kifa hannunka a kan tebur, ka lanƙwashe na tsakiya ya shige ƙasa, sai ka yi ƙoƙarin ɗaga na zobe. Da ƙyar zai motsa. To abin da atisayen Baba ke yi shi ne koya wa ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ga yatsa ɗaya ba tare da ta tayar da sauran ba. Ba ƙarfi ake nema ba. Don haka waɗannan abubuwan matsewa masu sifirin da ake tallatawa wai na ƙarfafa yatsun makaɗa, ni dai ban ba ka shawarar kashe kuɗinka a kansu ba.

Sai abu na biyu, kuma shi ne ya fi damuna. Zafin fatar kan yatsa ba komai ba ne, cikin 'yan makonni kanta za ta fito ya wuce. Amma in ka ji zogi a wuyan hannu, ko yatsu suna dangarewa kamar ana tsira maka allura, ka ajiye jitar nan take. Ka duba ko kana karya wuyan hannun da yawa. In ya kwana biyu bai sake ka ba, ka je asibiti.

Malam Iro mai gyara, Jos: Duk kun tafi kan yatsun yaro, ba wanda ya tambayi lafiyar jitar. Ya ce gwanjo ce. Nura, nemo rula ka auna tsakanin ƙasan tsirkiya mai kauri da saman ƙarfen gida na 12. Jita mai akwati in tana lafiya, wajen milimita 2.5 za ka samu, siririyar ta ƙasa kuma wajen 2. Abin da ake kawo mini daga gwanjo sau da yawa ya haura haka nesa, kuma a kan irin wannan ko gwani sai ya yi gumi. Katako yana sha yana bushewa: damina ta kumbura shi, hunturu ya tsotse shi, wuyan ya gantsare. Auna ka faɗa mini kafin ka ɗora wa kanka laifi.

Aghali, Agadas: Gaisuwa gare ku duka. Baba, da girmamawa, ni ban yarda da wannan agogo mai ƙas-ƙas ba. A nan garin ban taɓa ganin wanda ya koyi jita da shi ba. Yaro yana zama bayan manya wurin shayi ko wurin biki, ana tafi, ana buga ganga, shi kuma yana riƙe da kod ɗaya tsawon dare har sai hannunsa ya shiga cikin kiɗan. Tafin mutane shi ne agogonmu. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko, kuma bahago ne, ku saurari yadda yatsunsa ke gudu yau. Bombino, shi ma makaɗin jita, nan ya tashi. Saurin da kuke ji a kiɗanmu ba yawan bugun hannun dama ba ne. Ana kaɗa tsirkiya sau ɗaya, sai yatsan hagu ya faɗa mata kamar guduma a gida na gaba, ya kuma fizge ta yana tashi. Bugu ɗaya, sauti uku. Nura, ka koyi wannan a kan sautuka biyar: tsirkiya ta sama gida 5 da 8, uku na biye 5 da 7, biyu na ƙasa 5 da 8. Kunnenka ya riga ya san su, don yawancin kiɗanmu na Hausa da na Abzinawa a kansu yake tafiya.

Baba Yohanna, Kafanchan: Aghali, ba mu saɓa ba kamar yadda kake zato. Kai kana da masu tafi kowane dare, shi kuwa yana ɗakin kwanan ɗalibai shi kaɗai. Wanda ba shi da ganga sai ya aro ta waya. Amma na karɓi gyaranka a wuri ɗaya: kada ya yi wata guda yana 1-2-3-4 kawai, zai gundure ya jingine jitar. Minti biyar atisaye, sauran a kan waƙar da yake so.

Aghali, Agadas: To haka na yarda. Amma ya riƙa buga ƙafa a ƙasa ko da agogon yana yi. Wanda ƙafarsa ba ta riƙe kiɗa ba, hannunsa ba zai riƙe ba.

Ɗanladi, Katsina: Ni gurmi na gada a gida, jita daga baya na ɗauka, don haka hannun dama zan yi magana a kai, tunda shi ne Nura ya ce yana riga na hagu. Mahaifina kan ce hannun dama shi ne doki, na hagu mahayi ne. Doki ba ya tsayawa don mahayi ya gyara zama. Ka danne tsirkiyoyin duka da tafin hagu yadda ba za su yi amo ba, ka yi ta kaɗawa ƙasa, sama, ƙasa, sama, minti biyu ba tsayawa, daga wuyan hannu, ba daga kafaɗa ba. In ka zo canza kod kada hannun dama ya jira. Ko yatsu ba su gama sauka ba ka ci gaba, bugun ƙarshe ya faɗa a kan tsirkiyoyi a sake, ba wanda zai ji. Da sannu hagun zai koyi isowa a kan lokaci. Ku tuna marigayi Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya tak ce a kuntiginsa, amma wa ya taɓa jin kiɗan ya yi rami? Ali Farka Touré na Mali ma da kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya taɓa jita, kuma kana jin hakan a hannunsa.

In da fik, ɗan robar nan ta kaɗa tsirkiya, kake kaɗawa, ka riƙe shi yadda ɗan bakinsa kaɗan ne ya leƙo. In ya fito da yawa yana maƙalewa.

Sadiya, Kano: Bari in ƙara kan canza kod, don nan na fi shan wuya lokacin da na fara. Dubi Am da C da kyau. Manuni yana gida na 1 a tsirkiya ta biyu daga ƙasa a dukansu, na tsakiya ma bai motsa daga gida na 2 ba. Na zobe kaɗai ke tashi ya tafi gida na 3. Wato yatsa ɗaya za ka matsar, amma na tabbata yanzu duka ukun kake ɗagawa ka sake jerawa. Ka sa agogo minti ɗaya, ka ƙirga sau nawa ka je ka dawo tsakanin kod biyu. Ni da 14 na fara a kan C da G. Na yi kusan wata biyu kafin in kai 50. Kuma ka yanke farcen hagu sosai, in ba haka ba kan yatsa ba zai tsaya a tsaye ba.

Nura, Zariya: Malam Iro, na auna. Milimita 4 da ɗan ɗoriya. Yaya Sadiya kuma gaskiyarki, duka nake ɗagawa, ban taɓa lura ba.

Malam Iro mai gyara, Jos: To ka gani. Wata uku kana kokawa da ita. Yi wannan: danne tsirkiya mai kauri a gida na 1 da hannu ɗaya, da ɗayan kuma a gida na 14, sai wani ya duba maka tazarar da ta rage a wajen gida na 7. Bai kamata ta wuce kaurin katin waya ba. In ta wuce, wuyan ya gantsare, kuma akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake ɗaurewa ta bakin ramin akwatin ko ta wajen kai. Kada ka taɓa ta da kanka a karon farko, kwatan juyi ake yi a jira, wanda ya matsa da ƙarfi yana iya karya ta. Bayan nan sai farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kan akwatin.

Ɗanladi, Katsina: Wanda mu muke kira jaki.

Malam Iro mai gyara, Jos: Shi fa. Ana zare shi a goge gindinsa da sanfefa a kan abu mai shafe. Duk milimita 2 da aka rage a can, 1 ce ke sauka a gida na 12. Sannan ka canza tsirkiyoyi. Yawanci masu lamba 12 ake ɗaura wa irin wannan jitar, kai ka nemi masu lamba 10, sun fi taushi ga ɗan koyo. Kafin ka samu mai gyara, ka sassauta kowace tsirkiya da rabin mataki, wato sautin gida ɗaya, ko ka ɗaura kafo, abin nan da ke danne tsirkiyoyi duka lokaci ɗaya, a gida na 2, za ka ji sauƙi yau ɗin nan.

Baba Yohanna, Kafanchan: In an gyara ta, ɗana, akwai aikin da zai biyo baya. Hannunka ya saba da matsa wuyan jita kamar zai shaƙe ta, kuma ba zai daina don kansa ba. Ka ɗora yatsa a kan tsirkiya ba dannawa, ka kaɗa, za ka ji tuf. Ka riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan kana kaɗawa har sautin ya fito tas. Daidai nan ka tsaya, iyakar ƙarfin da ake bukata ke nan. Yatsan ya zauna dab da bayan ƙarfen gidan, ba a tsakiya ba, babban yatsa kuma a bayan wuya, saitin na tsakiya. Yatsan da ya danne da ƙarfi sai ya saki kafin ya tashi, a nan lokacinka ke tafiya. Game da ƙaramin yatsa kuma kada ya karya maka gwiwa. Django Reinhardt, shahararren makaɗin jita, ya ƙone a gobara a 1928 yana ɗan shekara 18, na zobe da ƙaraminsa na hagu suka shanye, da yatsu biyu ya yi mafi yawan kiɗan da har yau ake koyo a Faransa da wajenta. Naka huɗun lafiyarsu ƙalau.

Nura, Zariya: Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Na sassauta tsirkiyoyin kamar yadda Malam Iro ya ce, har na ji bambanci. Na gwada ƙirgen Yaya Sadiya a kan Am da C, na samu 22, C da G kuma 9. Akwai wani mai kaɗa wa coci a Sabon Gari da aka ce yana gyara, ranar Asabar zan kai masa.

Malam Iro mai gyara, Jos: Ka ce masa ya fara da wuyan kafin ya taɓa jakin, kuma kada ya jefar da tsohon in ya sa sabo. In ka karɓo ta ka sake aunawa ka turo mini lambar.