Wai me ya sa kayanmu ke biyowa ta Kwatano?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Tun ina yaro a shagon babanmu nan kasuwar Dole ta Damagaram kullum magana ɗaya ce, kaya na Kwatano, tashar ruwan ƙasar Benin, mota ta taso daga Kwatano, shinkafa ta maƙale a Kwatano. To jiya na duba taswira sai na ga ai Kano na nan kusa da mu, kilomita wajen 240 ne, daga can kuma hanya ta miƙe har Legas. Me ya kai mu zagaye ta Dosso da Gaya? Kuma shi garin ma yaya yake ne, ni ban taɓa ganin teku ba wlh.

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam ɗana. Ai da can ta Kano ɗin ake bi, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1912 gyaɗar Damagaram can take sauka ta wuce Legas. Faransa ce abin bai yi mata daɗi ba, arzikin ƙasar da take mulki yana fita ta hannun Ingilishi, sai a shekarun 1950 ta shirya jigilar da za ta juya kaya zuwa Dahomey, wato Benin ta yanzu, kamiyo ya kai Paraku jirgin ƙasa ya ƙarasa bakin teku kilomita 438. A 1959 aka kafa OCDN, wanda daga baya ya koma OCBN, kamfanin jirgin ƙasa na haɗin gwiwar ƙasashen biyu, amma dogon bai taɓa wuce Paraku ba balle ya zo mana. Ga sefa ɗaya ga faransanci ɗaya a takardun duwan, shi kenan hanya ta zauna.

Shi garin Kwatano asalinsa ƙauyen masunta ne na masarautar Dahomey, sunan da yaren Fon yana nufin bakin kogin mutuwa. A zamanin Sarki Glele ne aka sa hannu a yarjejeniyar 1868 da 1878 da Faransa ta riƙe a matsayin hujjar mallakar wurin. Babbar tashar da ake gani yau a 1965 aka buɗe ta, kafin nan wata doguwar gada ce ta ƙarfe cikin teku, bato ya tsaya nesa a yi ta jido da ƙananan jirage. Kuma ka sani babban birnin Benin a takarda Porto-Novo ne, amma fadar shugaban ƙasa da kuɗin duk suna Kwatano.

Direban Kamiyo:
Malam ya gama magana, ni dai abin da ido ya gani zan ƙara. Garin a matse yake tsakanin teku da tafkin Nokuwe, rairayi ne da ruwa, ga wata mashiga ta raba shi biyu, in damina ta yi ƙarfi unguwanni sai kwale-kwale. Zafin can ba irin namu ba ne, gumi ne mai danƙo, ka wanke riga ka shanya tun safe har la'asar da ɗanshinta. 'Yan kabu-kabunsu zemijan ake ce musu, duk riga ruwan ɗorawa, in danja ta saki sai ka ce fara ta taso. Kasuwar Dantokpa kuwa kar ka shiga kai kaɗai ranar farko, ɓacewa za ka yi. In ka sauka ka nemi Zongo, Hausa za ka ji ko'ina har mai tuwo da mai shayi.

Hajiya Sabon Gari:
Hmm ku dai bari. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023 muka gane kurenmu, kwantenata ta atamfa sai da aka juya ta Lome ta ratso Burkina da rakiyar soja, wata da watanni ina jira ga kuɗin mota ya ninka, wa zai biya in ba mai saye ba.

Ɗan Birni:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Malam to shi man Agadem da ake cewa yana bin bututu zuwa Benin, nan tashar yake fita?

Malam na Zango:
A'a, Seme yake fita, gabas da Kwatano kaɗan wajen iyakar Najeriya, bututun ya kusa kilomita 2,000 kuma a Mayun 2024 aka yi lodin farko. Wanda ake tacewa nan matatar SORAZ ta Damagaram daban ne, wannan namu ne na sha a gida.