Tsohuwar jitar lantarki: da wacce zan fara?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Na daɗe ina kaɗa sabuwar jita, amma yanzu raina ya biya da tsofaffin nan na lantarki. An nuna mini wata Fender Mustang, mai ita ya ce ta 1966 ce, sai dai an sake mata fenti. In saya, ko in ci gaba da tari har ƙarfina ya kai Stratocaster, babbar jitar kamfanin Fender ɗin? Ku taimaka mini da shawara.

Baba Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a yi maganar ciniki, a kwance ta tukuna. Kusoshi huɗu ne ke riƙe da wuyanta, cire shi ba wahala. A gindin wuyan akwai kwanan wata. Kafin 1962 da fensir ma'aikacin ke rubutawa, daga baya suka koma buga hatimi. Sannan ka ɗaga farantin ƙarfen da maballan ƙara suke kai, ka karanta lambar da ke jikin kowanne. Idan ta fara da 137, na kamfanin CTS ne, 304 kuma Stackpole. A kayan shekarun nan, lambobi biyu na gaba shekara ce, biyun ƙarshe mako. Wato 1376612 na nufin mako na 12 a 1966.

Amma ka kula. A 1966 Fender sun sayi maballan nan da yawan gaske, suka yi shekaru suna amfani da su. Lambar za ta gaya maka jitar ba ta riga wannan mako fitowa ba, ba za ta gaya maka yaushe ta fito ba. Sai ka haɗa da abin da wuyan ya faɗa.

Malam Tsirkiya: Ni dai, ɗan'uwa, da zan ce ka haƙura. Jitar da aka kankare fentinta an share rabin tarihinta. Fentin da, mai suna naitiro, siriri ne, yana tsattsagewa da shekaru, yana goguwa daidai inda hannun mai ita ke sauka. Wannan gogewar ita muke nema, ba a kuma mayar da ita. Ga shi 1966 ta faɗa zamanin CBS, wato kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, don a Janairun 1965 suka sayi kamfanin Fender a kan dala miliyan 13. Daga nan aka faɗaɗa kan Stratocaster, wato inda ake ɗaure tsirkiya, wajen 1968 aka koma fenti mai kauri, a 1971 kusoshin wuyanta suka koma uku. Masu tarawa ba a banza suke bin na kafin CBS ba.

Anti Kiɗa: Malam, ka yi mini afuwa, amma ka tsorata yaron nan. A 1966 masana'antar Fender tana nan a garin Fullerton na Amurka, hannuwan da suka naɗa waya a 1964 su ne dai suke naɗawa. Ba a dare ɗaya kaya suka lalace ba.

Ƙanena, sake fentin nan shi ne ya buɗe maka ƙofa. A wurin masu tarawa yakan zubar da kusan rabin kuɗin jita, alhali katakon da maganaɗisun da wayar tagullar suna nan yadda suke. Kai kuma kaɗawa za ka yi. Leo Fender mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba, kuma da gangan ya ƙera ta yadda za a kwance, a canja abin da ya lalace, a koma aiki. Jitar da ke kulle a akwati don tsoron ƙwarzane, wa ta amfana?

Abin da zan ce ka duba shi ne tsawo. Mustang a 1964 ta fito don masu koyo, tsawon tsirkiyarta inci 24 ne, wasu ma 22.5, ita kuwa Stratocaster 25.5. Tsirkiyar ta fi laushi, muryar ba ta kai waccan kaifi ba. Ka rungume ta ka kaɗa ba tare da ka jona ta da amfilifaya ba. Idan ka ji katakon na rawa a ƙirjinka, akwai rai a ciki. Idan shiru, babu fikof ɗin da zai cece ta, wato maganaɗisun nan mai naɗin waya da ke ɗaukar sautin tsirkiya.

Malam Tsirkiya: Maganar kaɗawa ba wuta, na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Fenti dai ban sauka ba. A ƙalla ya tabbatar an rage masa kuɗin, kada a sayar masa da ita a matsayin wadda ba a taɓa ba.

Ɗan Auta: Manya, ku ba ni dama in sa baki. Yaya, ka leƙa kayan Jafan. Jitocin Tokai da Greco na ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 sun kwaikwayi tsofaffin Fender da Gibson da ƙwarewa ƙwarai. Har ta kai a 1982 aka kafa Fender Japan, aka ba masana'antar Fujigen aikin, wadda dama ita ke ƙera Greco. Jitocin farko da suka yi, lambarsu na farawa da JV. Yanzu sun haura shekara 40, su ma sun tsufa. Idan kuma murya daban kake so, nemi Danelectro, ko Silvertone da suka riƙa yi wa shagunan Sears na Amurka. Jikin na matsattsen katako ne mai arha, fikof ɗin a cikin kwanson jan-baki aka sa shi, amma amonta garau.

Baba Mai Gyara: Auta ya yi gaskiya. Bari in ƙara ta ɓangaren Gibson, tunda babu wanda ya taɓo. Kowa idonsa na kan Les Paul ta 1958 zuwa 1960, mai fikof ɗin da Seth Lover ya ƙirƙira don kashe gurnanin lantarki. Kaɗan aka yi, kuɗinta ya wuce na talaka, jabunta kuma sun cika duniya. Ku bar ta. Ga Les Paul Junior da ta fito a 1954, fikof ɗaya tal, mai suna P-90, ga Melody Maker daga 1959. A garin Kalamazoo na Amurka aka yi su, wuri ɗaya da manyan. Junior in ta buɗe baki, sai ka manta wai don ɗalibai aka yi ta.

Ciwon Gibson a kai yake. Kan ya karkata baya, katakon mahogani kuma a nan ya fi siranta, faɗuwa ɗaya sai ya tsage. Ka haska bayan kan da fitilar nan mai hasken shuɗi da ake duba takardar kuɗi da ita, wurin da aka liƙa zai fito daban. Gyara mai kyau ba abin gudu ba ne, na ga irinsu suna riƙe sauti tsaf. Ɓoye shi ne ha'inci.

Anti Kiɗa: Baba, ka gaya masa na ajiya ma. In dai fentin naitiro ne, kada ya jingina ta a maɗorin da ke da roba, robar na cin fenti. Kada ya bar ta a mota cikin rana. Danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55. Duk abin da aka cire, ko ƙusa ce, a ƙulle a leda a sa cikin akwatin.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Zan je in kaɗa ta ba wuta, in nemi ya bari a kwance wuyan. Idan ya ƙi fa?

Baba Mai Gyara: To ka yi masa sallama ka tafi. Idan ya yarda, ka fara gwada sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, a murɗa ta kaɗan hagu da dama. In ta cije ko ta kai ƙarshe, gyaranta babban aiki ne. Ka ɗauko mana hoton gindin wuyan, da bayan maballan, da liƙin dalmar da ke kan wayoyin. Tsohuwar dalma dusu-dusu take, sabuwa na ƙyalli, daga nan za mu san ko an canja fikof. Kuma in daga wata ƙasa za a turo ta, ka tambayi katakon saman wuyan. Katakon roswud na Burazil yana ƙarƙashin dokar CITES, yarjejeniyar duniya ta kare itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tun 1992, sai da takardar izini yake tsallaka iyaka. Turo hotunan kafin ka biya ko sisi.