Wai gulutamet ɗin farin magi shi ne na cikin ƙwaƙwalwa?

Maijidda22:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana ku warware min wannan. Na ji ana cewa wai gulutamet ɗin da ke cikin farin magi shi ne dai sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, kuma wai in ya yi yawa a ƙwaƙwalwa kashe su yake. To kenan wanda muke ci a abinci can yake tafiya kai tsaye? Gaskiya hankalina bai kwanta ba, saboda yara.

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Eh sinadari ɗaya ne, kuma shi ne kan gaba wajen zaburar da ƙwayoyin jijiya, koyo da riƙe abu a ka duk sai da shi. Batun kashewar ma gaskiya ne amma ki lura da yadda abin ke faruwa, misali lokacin shanyewar ɓarin jiki idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin da suka rasa iska sai su saki gulutamet ɗin da ke cikinsu da yawa a lokaci guda, na kusa da su su yi ta zabura ba hutu, kalsiyam ya cika su har su mutu. Kin ga daga ciki ya fito, ba daga kwano ba. Ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa nata daga sukarin jini da wani sinadari gulutamin. Wanda kika ci kuwa mafi yawansa hanji ne ke ƙone shi ya samu ƙarfi tun kafin ya shiga jini, ɗan abin da ya tsallake kuma akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ba ya barin shi ya wuce haka kawai.

Uwar_Biyu:
Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne har a nonon uwa akwai shi, da yawa ma kuwa, ya fi na madarar shanu nesa ba kusa ba. Haka tumatir nunanne da cuku da naman kaza. Wani malamin jami'a ne a Tokiyo, Kikunae Ikeda, ya tace shi daga ciyawar teku da ake kira kombu a 1908, ya ce wannan ɗanɗano ne daban, ba zaƙi ba, ba gishiri ba, ba tsami ba ɗaci, ya sa masa suna umami, a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Daga baya aka gano a harshe akwai masu karɓar wannan ɗanɗanon na musamman, kuma su ba sa bambance na tumatir da na leda.

Bash_K:
To amma Malam Abu masu cewa suna ciwon kai in sun ci fa? Ba zai yiwu a ce duk ƙarya suke ba.

Abu_Sadiq:
A'a ɗan uwa, ban ƙaryata kowa ba. Maganar ta yaɗu ne tun 1968 da wani likita a Amurka ya rubuta wa mujallar likitoci wasiƙa kan abin da yake ji bayan cin abinci a gidajen abincin 'yan Sin, sai kuma gwajin 1969 da aka yi wa jariran ɓeraye allurarsa mai yawan gaske, allura fa ba ci ba. Da aka gwada mutane ba tare da sun san me aka ba su ba, a cikin abinci ba a samu tabbas cewa shi ke jawowa ba, sai dai wasu kan ji ɗan ciwon kai na ɗan lokaci in sun sha giram 3 ko fiye ba tare da abinci ba. Wanda ya lura yana damunsa ya bari kawai.

Maijidda22:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Mai hawan jini fa?

Abu_Sadiq:
Amin. Shi sodiyam zai duba, wato sinadarin cikin gishiri da ke ƙara hawan jini, farin magi na da kusan kashi 12 cikin 100, gishiri kusan 39, to in za ki zuba shi ki rage gishirin, kar a haɗa su duka a cika hannu.