Musayar waƙa: Pinky da ɓoyon asali

Ɗan Gwale:
Salam jama'a, yau a kan fim ɗin Pinky za mu kara, na 1949 wanda Elia Kazan ya ba da umarni, labarin kudancin Amurka lokacin wariyar launin fata. Ni na buɗe, wanda ya isa ya amsa da baiti ba da surutu ba.

Pinky yarinya ce farar fata,
Baƙar mace ce kakarta,
Wanki da guga sana'arta,
Da shi aka biya karatunta.

Ta je Arewa ta zam nas,
A can ta binne asalinta,
Likita Bature ya so ta,
Ba ta gaya masa zancenta,
Ni ban ga dalilin ƙaryarta.

Uwar Biyu:
Ƙanena bar saurin yankewa,
Jim Crow ke mulki kan kowa,
Famfo daban wajen shan ruwa,
A bas kujerar baya ake hawa,
Asibiti ma sai an rarrabawa,
Wa zai ga ƙofa ya ƙi tserewa?

Jim Crow ɗin nan dokokin raba baƙi da farare ne a kudancin Amurka. Kuma fa a jihar Virginia har doka suka yi a 1924 wai in an samu baƙi ko ɗaya cikin kakanninka to kai ba fari ba ne komai haskenka, aure tsakani kuwa laifi ne, to ka ce me yarinya za ta yi fisabilillahi.

Ɗan Gwale:
Anti na ji, amma ki duba,
Tsohuwa ta sha wuya babba,
Hannu ya kode bai huta ba,
A ce jika ba ta san ki ba?

Mai Rawani:
Ku dakata yara ku ji tarihi,
Homer Plessy ya hau jirgin ƙasa,
Taragon farare ya zauna abinsa,
Ba mai ganewa daga fuskarsa,
Shi da kansa ya faɗi asalinsa,
Nan take aka zo kamunsa.

A New Orleans ne 1892, kotun ƙoli kuma ta ba wariya gaskiya a 1896. Dokar da sai an tambaye ka kafin a san ɓangarenka ai ita ce maƙaryaciya, ba Pinky ba.

Ƙanwar Kowa:
Baba layinka na farko ya ɓalle daga amsa-amo fa, hhh, amma mun yafe. Ni abin da ke ci min rai daban ne:

Jeanne Crain suka ba wa rawar,
Baturiya ce har ƙarshen maganar,
Ga baƙaƙen mata masu sana'ar,
Sai Ethel Waters a kan bokitin wankin tsakar
gida, wai ita ce kakar.

Duk da wannan dabarar ta ba Baturiya rawar Pinky, sai da garin Marshall na Texas ya haramta fim ɗin, aka kama manajan silimar da ya nuna shi, sai a 1952 kotun ƙoli ta soke hukuncin.

Uwar Biyu:
Ɗan Gwale ka manta ƙarshen ne?
Miss Em, Baturiyar da Pinky ta yi wa jinya,
Ta bar mata gida a wasiyya,
Dangi suka kai ƙara don ƙiyayya,
Ta ci shari'a ta bar soyayya,
Ta buɗe asibiti a cikin ƙauyen.

Ɗan Gwale:
Anti wasiyyar nan daɗin fim ce,
Baturiya ta mutu sannan a dace,
Wadda ba a bar wa gida ba fa, me za a ce?

Baba Mai Rawani kai nake jira, kuma da "ce" za ka rufe kowane layi, ba ragi.