Tsakani da Allah wa ya kashe Arthur a Merlin, Mordred ne ko Merlin da dodonsa?

Abban_Sadiq:
Salam 'yan uwa. Jiya da daddare na gama sake kallon Merlin, fim ɗin nan na BBC mai dogon zango a kan Arthur sarkin Camelot da hadiminsa Merlin mai ɓoye tsafinsa, duka zango biyar ɗin kashi 65, ƙanena ne ya zuba min a memori na ce bari in tuna baya. Karon farko a faifan CD na kalla muna sakandare, mu cika ɗakin wani abokinmu ana ɗauke wuta kowa ya kama salati, a lokacin ni dai Mordred na tsana, ina ganin butulu ne kawai an ɗauke shi an mai da shi barden sarki ya juya ya soke ubangidansa. To amma wannan kallon da na yi da idon manya wallahi kaina ya ɗaure.

Ku duba fa, tun Mordred yana ɗan ƙaramin yaro a zango na 1 dodon nan Kilgharrah ya ce wa Merlin ka bar shi ya mutu, shi ne zai kashe Arthur. Daga ranar Merlin bai ƙara kallon yaron da idon rahama ba, a zango na 2 ma har taɗe shi ya yi da tsafi yaro yana gudun ceton ransa daga sojojin Camelot. Sai kuma abin da ya fi ba ni haushi, kashi na 5 a zango na 5, inda matan nan uku Disir suka ba Arthur zaɓi ko ya karɓi tsohon addinin masu tsafi ko ya ga abin da zai biyo baya, ga Mordred kwance rai a hannun Allah saboda ya tare wa Arthur mashi. Arthur da bakinsa ya tambayi Merlin shawara suna zaune gaban wuta, dama ta samu ta halatta tsafi wadda Merlin yake jira shekara da shekaru, sai bawan Allah ido cike da ƙwalla ya ce tsafi ba shi da gurbi a Camelot, wai don Mordred ya mutu. Suka dawo gida suka tarar da Mordred garau yana tafe da ƙafarsa.

Tambayata, ashe ba gudun abin ne ya jawo abin ba? Da Merlin ya toshe kunne ya ƙyale dodon nan anya za a soke Arthur a yaƙin Camlann?

Ummu_Hibba:
Wa alaikumussalam Abban Sadiq, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni ka bar ma maganar Mordred, Morgana 'yar riƙon Sarki Uther uban Arthur ce aka zalunta kuma na shekara ina faɗa a gidanmu ana min dariya wai ina son muguwa. Yarinyar nan a farko ita ce mai tsaya wa talaka, ita ce kaɗai mai iya kallon idon Uther ta ce masa ƙarya kake, har ƙauyensu Merlin Ealdor ta bi shi ta ɗauki takobi ta taya su faɗa da 'yan fashi. Ta fara mafarkai suna zama gaskiya, tana farkawa cikin dare a firgice, wuta na kama labule a ɗakinta ba ta san ita ce ta kunna ba, a gidan da ake yanke wa mai tsafi kai a bainar jama'a tana leƙowa ta taga. Wa ya san matsalarta? Gaius likitan fada ya sani, Merlin ya sani. Me suka yi? Gaius ya yi ta ɗirka mata maganin barci yana ce mata ba komai 'yata mafarki ne. Shi kuma Merlin da yake da irin ciwonta, kalma ɗaya tak da ya ce mata ni ma haka nake da ta samu sanyi, ya ja bakinsa ya yi gum saboda an hana shi.

Ƙarshe shi ya miƙa mata gorar ruwa da guba a ciki ta sha tana kallonsa tana shaƙewa a hannunsa, eh na san garin ne gaba ɗaya ke barci kuma ita ce tushen asirin da 'yar uwarta matsafiya Morgause ta yi, amma ko bayani bai mata ba. Sannan ta zo ta ji cewa Uther ubanta ne na cikinsa ya ɓoye don kunya. Haba jama'a ko dutse ne ai ya tsage. Ban ce abin da ta yi daga baya daidai ba ne, ranar da ta sa aka harbi mutanen gari da kibau ni ma na sallama ta, amma su suka gina ramin.

Barde_09:
Ni tawa fassarar daban ce kuma duk wanda zai zage ni ya zaga. Kilgharrah fansa ya ɗauka, shi ke nan. Ku tuna yadda ya shiga kogon nan, Uther ya yaudari Balinor uban Merlin ya ce a kira dodon a yi sulhu, yana zuwa aka sa masa sarƙa, shekara 20 a ƙarƙashin fada bayan an karkashe danginsa kaf. Ranar da Merlin ya sare sarƙar me ya fara yi? Ko ruwa bai sha ba ya hau ƙona Camelot dare bayan dare har da mata da yara, har Arthur ɗin da yake ta cewa shi ne sarkin gobe sai da ya ji masa rauni. Wannan ne za ka ce yana son gidan Pendragon, wato zuriyar Uther, da alheri?

Ku lissafa: ɗiyar Uther ya sa an ba ta guba ta zama abokiyar gaba, ɗan Uther ya mutu ba magaji, jinin Uther ya ƙare tas sarauta ta koma hannun Gwen 'yar maƙeri, matar Arthur. Sai kuma farin dodon nan Aithusa, da Merlin ya ƙyanƙyashe shi Kilgharrah ya ce alamar alheri ce ga ƙasar Albion da Arthur zai haɗa kanta, alherin da muka gani shi ne da numfashinsa aka ƙera takobin da ya kashe Arthur. Kuma ina babban dodon yake lokacin da wani mugun sarki Sarrum ya jefa ɗan dodon nan da Morgana cikin rami shekara biyu har ya nakasa? Tsohon nan ya san abin da yake yi.

Malam_Tk:
Barde ka iya tsara zance amma ka yi nisa. In fansa yake nema me zai sa ya hura wa Excalibur takobin Arthur wuta, me zai sa ya yi ta ceton Merlin, har a kashi na ƙarshe yana tsoho fiffike duk ya lalace ya zo ya ɗauke su zuwa bakin tafki.

Abin da kuke mantawa labarin nan ba BBC ta ƙirƙire shi a 2008 ba, tsohuwar tatsuniyar Birtaniya ce. Tun ƙarni na 12 Geoffrey na Monmouth ya rubuta cewa Arthur ya gwabza da Mordred an ji masa mummunan rauni an kai shi tsibirin Avalon, shi ya sa ma suka sa wa tsohon nan mai kula da littattafan fada sunansa. Marubutan sun canza abubuwa da yawa, sun mai da Merlin saurayi sa'an Arthur kuma hadiminsa, sun mai da Guinevere, wato Gwen, 'yar aiki, amma ƙarshen ba su da yadda za su yi da shi.

Sannan a daina wanke Mordred. Kara masoyiyarsa, wadda rataye ta da aka yi ya sa ya juya wa Arthur baya, ta kashe mutane, ta zaro wuƙa za ta soke Arthur, duk da haka ya kira ta ya ce in ta tuba zai bar ta da ranta ta ce ba ta yi nadama ba. Wane sarki ne zai yi fiye da haka? Inda na yarda da Abban Sadiq shi ne Merlin ne ya kai gulmar cewa Mordred da Kara za su gudu, da ya yi shiru da sun tsere an huta. Nan kam ya tafka, shi da kansa ya gane daga baya ya koma yana roƙon Arthur, amma bakin alƙalami ya bushe.

Zee_baby:
Hhhh ni duk ba wannan ba, a ce mutum shekara da shekaru yana tare da kai ana faɗa reshen bishiya na faɗowa kan abokan gaba, mashi na tashi da kansa, kai kuma kullum a sume kake daidai lokacin. Kan Arthur ya sha duka wlh. Kuma don Allah wa ya gane motar nan ta ƙarshe? Ina tsaka da kuka Gwen ta hau gadon sarauta ana ran sarauniya ya daɗe kawai sai ga babbar mota fuuu a kan kwalta, na ɗauka faifan ne ya haɗe da wani fim.

Ummu_Hibba:
Zee ai nan ne wajen kukan ma. Zamaninmu ne aka nuna, Merlin ne tsohon nan mai farin gemu da jaka yana wucewa ta gefen tafkin, wato har yau yana nan yana jiran Arthur ya tashi kamar yadda dodon ya ce masa, kowa nasa ya mutu shi kaɗai ya rage. Kuma ranar 24 ga Disamba 2012 suka saki wannan kashin, jajibirin Kirsimetinsu, ko tausayin yaransu ba su ji ba.

Abban_Sadiq:
Malam Tk na karɓi maganar Kara, gaskiya na manta Arthur ya ba ta dama. Amma a amsa min wannan ɗaya. Gaius ya ce ɓallin takobi na tafiya zuwa zuciyar Arthur kwana biyu ya rage, Merlin yana da ikon kiran dodo da murya ɗaya, ya riga ya faɗa wa Arthur sirrinsa ba sauran abin ɓoyewa, to me ya sa suka kama hanyar Avalon a kan doki suna tsayawa hura wuta da hira, sai da Morgana ta kore dawakan mutum ya fara sanyi sannan ya tuna da Kilgharrah? Barde ina jin kafin gari ya waye zan dawo layinka.