Neman shawara: takardar izinin wurin tara baƙin mai ta maƙale

Assalamu alaikum jama'a. Ina ƙoƙarin buɗe wurin tara baƙin mai a karkara, wanda ake juyowa daga taraktoci, janareto da injinan ban ruwa, domin masu tace shi su riƙa zuwa suna kwashewa. Hukumar kula da muhalli ta dawo min da takarduna har sau 2.

Na dafe ƙasa da siminti, na kewaye tankunan da katangar da za ta riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da babban tankin ke ɗauka in ya fashe. Hukumar ta ce wai saura matsalar ruwan sama da zai taru a cikin katangar ya gauraya da mai, ga rijiya kusa. Gaskiyarsu ne, amma aljihu ya yi nauyi.

Rufin kwano zai wadatar, ko dole sai na girka na'urar raba mai da ruwa? Wanda ya taɓa bin wannan hanya, don Allah ya haska min.